Shafi na Tamanin da Bakwai

Ranar Talata ce, kuma tun kafin in fito daga gida ruwa ya tsinke. Ba irin wanda ke zuwa da iska da tsawa ya wuce ba ne. Mai naci ne, yana zuba a tsaye kamar an ɗauke shi aiki. Na isa ofis wandona sharkaf har gwiwa, na rataye rigar ruwa a bayan ƙofa, na kunna sikana, na ce a raina yau sai na yi kundi ashirin da biyar.

Ɗakinmu yana ƙasan laburaren jami'a, a ƙarshen wani dogon lungu, bayan ɗakin jaridu. A jikin ƙofa an rubuta wani dogon suna, amma kowa Rumbu yake cewa. Aikinmu shi ne mu kwaso kundayen digiri da ɗalibai suka rubuta shekara da shekaru, waɗanda ke jibge a sito gara na yi musu barazana, mu mayar da su cikin kwamfuta, ta yadda duk mai intanet zai buɗe ya karanta daga inda yake zaune.

Mu biyar ne. Dakta, shugabarmu, ta rubuta aikin kowa da hannunta a wani farin allo da ke jikin bango, don kada wani ya ce bai sani ba. Ni ne farkon layi. In yanke ɗaurin kundi da injin yankan takarda, in zuba shafukan a bakin sikana, ita kuma ta riƙa zuƙe su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hotonsu. Daga ni sai Anti Jan Biro, wadda za ta buɗe fayil ta ƙirga shafuka, ta rubuta sunan marubuci da shekara da sashe. In ta sa alamarta, Dakta ta danna, kundi ya fita duniya. Injiniya ke kula da babbar kwamfutar da komai yake ciki, yana yin kwafi uku, ɗaya ma ba a cikin ginin yake ba. Na ƙarshe shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai makullin sito. Takardun da na yanka nakan ɗaure su da shuɗiyar igiya in jera a kwali, ashirin da biyar-biyar. Kawu ya ajiye su wata guda bayan Dakta ta danna, sannan motar masu sarrafa tsohuwar takarda ta zo ta kwashe, don laburare na neman wurin sa kujeru.

Kawu ne ya kawo ni. Kafin nan na taɓa gyaran waya, na taɓa aski, na yi wata bakwai a maɗaba'a. Ban taɓa cika shekara a wuri ɗaya ba, makaranta ma a aji uku muka yi sallama. Ranar da ya kai ni gaban Dakta cewa ya yi, "Hannunsa na da kyau, zama ne babu." Ta ce a gwada. Wanda na gada kundi takwas yake yi a rana. Ni ashirin nake yi, in jikina ya yi daɗi in ƙara. Shi ya sa suka sa mini Sauri, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

Wajen ƙarfe goma wani dattijo ya turo ƙofa. Dogo ne siriri, lemarsa na ɗiga, ya rungume wata jakar leda a ƙirji kamar jariri. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, bai ƙara taku ba sai da Anti ta ce ya shigo.

"Nan ne ake sa littattafan mutane a waya?"

"Nan ne, Baba," in ji Anti. "Ga kujera. Sauri, karɓi lemar nan kafin ta jiƙa mana wayoyin wuta."

Ya zauna, ya zaro wasu takardu daga ledar, ya daidaita gefensu a gwiwarsa. Ya ce shekara arba'in da ɗaya ke nan da ya yi digirinsa a nan, a kan rijiyoyin ƙauyuka. Kwafinsa na gida tuni gara ta gama da shi. Makon jiya jikarsa ta gano kundin a intanet, ta je ta bugo masa, ya kwana uku yana karantawa.

"Wallahi na ji daɗi. Har kuskuren da mai tafireta ta yi mini a shafi na tara yana nan, ban yafe mata ba har yau. Sai dai, 'yata, ina shafi na tamanin da bakwai?"

"Wataƙila injin da aka buga da shi ne ya tsallake, Baba. Suna yin haka."

"Abin da jikata ta ce ke nan. Muka koma, aka sake bugawa. Tamanin da shida, tamanin da takwas." Ya ɗaga yatsa. "Wannan shafin shi ne littafin, sauran duk surutu ne. Rijiya talatin da ɗaya. Ni na zura igiya a kowacce da hannuna, damina da rani, na rubuta zurfinta da inda ruwa ya tsaya. Wata goma sha huɗu ina kan keke. Yanzu yawancinsu an cike su an yi gini a kai. Wani ɗalibi mai binciken yadda ruwan ƙasa ke ja da baya ya zo har gida yana neman alƙaluman nan, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, suna jami'a."

Anti ta gyara tabarau ta buɗe fayil ɗin. Ta gangara. Tamanin da shida. Tamanin da takwas. Ta koma sama, ta sake gangarowa a hankali, kamar shafin zai ji kunya ya fito. 

Ni ban ma leƙa ba, don na riga na sani.

A cikin sikana akwai wata ƙararrawa mai jin kaurin takarda. In shafi biyu suka manne suka shiga tare, sai ta tsayar da injin ta yi ta kuka har ka raba su. Magulmaciya nake ce mata. Mako goma kafin wannan ranar aka kawo mini tsofaffin kundayen sashen labarin ƙasa, waɗanda aka liƙa wa hotuna da taswira da gam. Duk shafin da ke da hoto sai ta ɗauka biyu ne. Kafin azahar ta tsayar da ni ya fi sau sittin. Na shiga saiti na lalubo inda ake kashe ta, na kashe, na ce in na gama da masu hotuna zan kunna. Aiki ya tafi sumul. Washegari na yi ashirin da huɗu, har Dakta ta ce mini sannu da ƙoƙari. Ban sake tunawa da ita ba. Wa ke kewar magulmaciya? Ga shi kuma takardar tafireta ta da siririya ce, in ta sha danshi a sito mannewa take yi da 'yar'uwarta.

Dakta ta fito daga ɗan ofishinta na gilashi, ta gaida Baba, ta duba allon kwamfutar Anti, ta sa aka kira Injiniya. Ya shigo da kofin shayi a hannu.

"Ni dai kwafina uku suna nan lafiya lau," in ji shi. Ya ciro waya ya danna, ya danna, fuskarsa ta canza. "Duka ukun haka suke. Abin da aka ba ni shi na adana, Dakta. In aka miƙo mini riga mai huji, riga uku masu huji zan ajiye."

Dakta ta juya wajen Anti. "Kin ƙirga?"

Anti ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Na duba shafin farko, na duba na ƙarshe."

"Allo cewa ya yi ki ƙirga."

"Na san abin da allo ya ce, Dakta. Goma nake iya ƙirgawa a rana, in ban ɗaga kai ba. Ashirin ake zubo mini. Na faɗa miki, kika ce mu daure, na sama suna son su ga adadi. Kuma injin yana da ƙararrawa, in ya ja biyu kuka yake yi. Da ita na dogara."

"To ke nan injin ne ya lalace," in ji Injiniya. "Sai a kira masu gyara."

Nan fa hanya ta buɗe mini. Babu wanda ya taɓa shiga saitin nan sai ni. In na yi shiru, injin zai ɗauki rabin laifi, Anti ta ɗauki rabi, ita da ta shekara ashirin da shida a laburaren nan ba a taɓa rubuta mata takardar gargaɗi ba. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda na fi kowa sani. Rigar ruwata na rataye a bayan ƙofa. In ce zan zaga, shi ke nan. Shagon waya ma a irin wannan ranar na bar shi, shagon aski haka. Na kalli rigar, na kalli Baba, ya dafe takardunsa da hannu biyu yana bin bakin kowa da ido.

"Injin lafiyarsa ƙalau," na ce. "Ƙararrawar ce ba ta kuka, Anti. Ni na kashe ta."

Anti ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Tun yaushe?" in ji Dakta.

"Mako goma."

"Kundi nawa?"

"Kwali arba'in. Dubu ke nan."

Injiniya ya ajiye kofinsa a hankali. Na jira tsawa. Dakta ta ɗan rufe ido, ta buɗe.

"Faɗa yana nan, ba inda zai je," ta ce. "Takarda ce mai tafiya. Kira mini kawunka."

Kawu ya zo da makullai suna kaɗawa a ƙugunsa, littafin sito a hammata. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai.

"Kai, ɗan nan! Kai, ɗan nan! Ni me zan gaya wa uwarka?"

"Bar uwarsa tukuna, Malam. Kwalayen suna ina?"

Ya buɗe littafin, ya tsoma yatsa a baki ya juya shafi. Ashirin da huɗu suna sito. Goma daga ciki da safiyar nan ya kamata a kwashe su, direban ne ya bugo ya ce ba zai fito cikin ruwan nan ba. Sha shida kuwa, daga na ɗaya zuwa na sha shida, sun tafi kwana goma sha biyu da suka wuce. Anti ta karanto masa lambar kundin Baba. Ya bi layi da yatsa har ya tsaya.

"Kwali na bakwai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na sa hannu aka ɗauka."

"Ni na ba ka izini," in ji Dakta. "Ni kuma na danna ban buɗe ba. Kowa ya riƙe nasa, kada wani ya ɗaukar wa wani. Malam, ka kulle sito, ko ƙyallen takarda kada ya fita, in direban ya zo ka ce ni na hana. Injiniya, ka sauke dubun nan daga intanet yanzu, kada wani ya ci gaba da karanta gurgun kundi da sunanmu. Anti, ki fara da kwali na ɗaya, ki bi lambobin shafi ki fitar mini da duk inda aka yi tsalle."

"Ni zan bi motar," na ce.

"Motar da ta tafi kwana goma sha biyu?"

"Na san wurin, ranki ya daɗe. Lokacin da nake maɗaba'a mu muke kai musu ragowar yanka. Ba sa jiƙa takarda ranar da ta zo, sai layi ya zo kanta. In akwai abin da ya rage, ni zan gane shi, ɗaurina ne."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Na san abin da take aunawa, Kawu ma ya sani, don kansa ya sunkuyar.

"Za ka dawo?"

"Zan dawo."

Injiniya ya jefo mini makullin babur ɗinsa. "Birkin baya ba ya ci sosai. In ka kashe shi shi ma, ka faɗa da wuri."

Wurin yana bayan gari, bayan layin masu walda. Wata ƙatuwar rumfar kwano ce, takarda jibge tsauni-tsauni: littattafan makaranta, kwalayen sabulu, tsofaffin kalanda. A tsakiya akwai ramin siminti inda ake zuba takarda da ruwa, injin ya yi ta dama su har su zama wani toka-tokan kunu, daga nan a zuba a mazubi a fitar da kiret ɗin ƙwai. Mai sikeli, wanda ke auna duk abin da ya shigo, yana nan a kan bencinsa inda na bar shi shekara biyu da suka wuce.

"A'a! Ɗan maɗaba'a! Yau kuma wane aikin ake yi, tuƙin jirgi?"

"Jami'a nake yanzu, Maigida."

"Kai ɗin? To Allah ya jiƙan jami'a."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya sosa gemu.

"Mai shuɗiyar igiya? Kai, takarda ce mai kyau. Fara tas, narkewa take yi kamar sukari. Leƙa can baya, ƙarƙashin tamfol, ina jin akwai saura."

Na zagaya da gudu, na ɗage tamfol. Kwali biyar, a bushe, lambar da Kawu ya rubuta a jikinsu da baƙar tawada. Sha biyu. Sha uku. Sha huɗu, sha biyar, sha shida. Na sake zagaya su, na ɗaga na duba ƙasa, kamar Anti da fayil ɗinta.

"Na bakwai fa, Maigida?"

Ya nuna mini da haɓa. A ɗaya gefen rumfar kiret ɗin ƙwai ne jere sun kusa taɓa kwano, suna jiran rana.

"Ka zaɓi wanda ya fi yi maka kama da digiri."

Ban yi dariya ba, shi ma da ya ga fuskata ya daina. Duk da haka na shiga tsaunin takardar da ke bakin ramin, na yi ta tono da hannu, ko wani ɗauri ya zame ya faɗi gefe. Na fi awa biyu. Ruwa na ɗigo mini a wuya ta hujin kwano. Abin da na samu a ƙarshe shi ne tarin igiya a cikin wani bokiti, don sai sun yanke ta kafin su zuba takarda a rami. Shuɗiya ce, kowacce da ƙullina a jiki, irin wanda nake yi da ja ɗaya don kada in ɓata lokaci. Na ɗebi cikin hannu na cusa a aljihu, ban san dalili ba.

Mai sikeli ya ce kwali biyar ɗin nan an riga an auna su, wa zai mayar masa da nauyinsu? Na bugo wa Kawu, ya ce akwai tsofaffin jaridu da aka yanke hukuncin fitarwa, za a ba shi madadin har da ƙari. Muka loda kwalayen a keke mai ƙafa uku, muka lulluɓe da tamfol, na bi shi a baya da babur ina yi wa direban ihu duk inda na hango rami.

Bayan la'asar muka iso. Baba na nan a kujerar da na bar shi, an ba shi shayi ya sha rabi. Da ya ga ana shigo da kwalaye sai ya miƙe. Dakta ta karanta lambobin da ke jikinsu, ta ja numfashi, ta juya za ta yi masa magana.

"Bari ni in faɗa, ranki ya daɗe."

Na durƙusa a gabansa, ruwa na zuba daga wandona.

"Baba, shafinka ya tafi. An narkar da shi. Ba injin ba ne, ba Anti ba ce, ni ne. Na kashe abin da zai hana hakan don ina so in yi sauri."

Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon takardun da ke gwiwarsa. Sannan ya buɗe su daidai wurin, ya sa yatsa tsakanin tamanin da shida da tamanin da takwas.

"Rijiya ta huɗu sau uku na koma mata," ya ce. "Ranar farko na zura igiya da gaggawa, yamma ta yi, ina so in kama hanya. Dutsen da ke bakin igiyar ya sauka a kan wani tudu a jikin bango, na ɗauka ƙasa na kai. Mita shida na rubuta. Ashe sha ɗaya ce." Ya dube ni. "Tashi, ɗana, ƙasa da sanyi. Kana da biro?"

Anti ta miƙo mini nata, jan. Ban taɓa ganin ta ba wani shi ba.

Ya rufe ido ya fara. Sunan ƙauye, zurfin rijiya, inda ruwa ke tsayawa da damina, inda yake tsayawa da rani. Wata sai ya fara da mai rijiyar, ko bishiyar da ke kusa da ita, ko karen da ya bi shi, sannan lambar ta zo. Ranar ya kawo rijiya goma sha ɗaya. Ya dawo ranar Alhamis da wasu biyar, ya sake dawowa mako na gaba da wasu uku. Daga nan ya ce a rufe.

"Sauran ina ganinsu a ido, amma lambar ta tafi. In na faɗa, ƙarya zan yi."

Na buga su tsaf a kwamfuta, na nemo harafi mai kama da na tafireta, na kai wa Dakta da murnata. Na ce a saka shi a gurbin, ba wanda zai gane.

"Shi ya sa ba za a saka ba," ta ce. "Mu ba ma cike gurbi da abin da ba shi ba ne. Wannan zai zauna daban, a rubuta cewa marubucin ne ya tuno bayan shekara arba'in da ɗaya. A gurbin kuma a sa farar takarda, a faɗi gaskiya."

Ni na buga farar takardar. Layi ɗaya ne: shafi na tamanin da bakwai ya ɓace lokacin ɗaukar hoto, kuma asalin takardar babu shi. Na sa ta a sikana da hannuna.

Takardar gargaɗi ta zo mini ranar Juma'a, na sa hannu na karɓa. A gida Kawu ya riga ni kai labari. Umma tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

"An ce ka yi ɓarna."

"Na yi."

"Ka gudu?"

"Ban gudu ba."

"To wanke hannu, abincinka na cikin kula."

Ranar Litinin Dakta ta goge allo gaba ɗaya ta sake rubutawa, muna tsaye. Nawa layin ya ƙaru: in ƙirga shafuka da hannu kafin in yanka, in rubuta adadin a bangon kundi, kuma kada in wuce abin da Anti za ta iya ƙirgawa a rana. Saitin sikana ya koma hannun Injiniya da lambar sirri, in na ci karo da masu hotuna sai in ɗora su a gilashi ɗaya-ɗaya. Kawu ba zai saki kwali ba sai ya ga jan biron Anti a jikin kwalin kansa. A ƙarƙashin sunanta Dakta ta rubuta cewa cikin kowane goma za ta buɗe ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ita za ta je ta gaya wa na sama cewa adadi zai ragu da rabi. Ta je kuwa. Ta dawo fuska a murtuke, ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi.

Mako bakwai muka yi muna gyara. Duk kundin da takardarsa ke hannu na kwance ɗaurinsa, na nemo shafin da ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa, na sake ɗauka. Magulmaciya ta dawo bakin aikinta, in ta yi kuka Anti ta ce, "Sauri, matarka na kira." A cikin makonnin nan na cika shekara a Rumbu, ban ma lura ba sai da Kawu ya faɗa. Goma nake yi yanzu. Amma a je a tambaya, a duk ginin nan babu mai yanka kundi ya fita santal kamar nawa, kuma goman nan ko wa ya ƙirga zai same su cif. Igiyoyin da na ɗebo suna rataye a ƙusa saman sikana.

Kwali goma sha ɗaya aka narkar, kundi ɗari biyu da saba'in da biyar. Yawancinsu hotonsu ya fita cikakke. Arba'in da ɗaya ne ke da giɓi. Anti ta bi sassa ofis-ofis, ta bugo wa marubutan da ke raye, aka samo kwafin ashirin da bakwai. Wanda ya rage, na rubuta shi a bayan littafin sito ranar da muka rufe aikin: kundi goma sha huɗu, shafi ashirin da uku, da rijiya goma sha biyu.